Layi Daga Ingila, Jaka Daga Ƙofar Wambai

Assalamu alaikum Maigida, ranka ya daɗe. Ina fata kuna lafiya, da iyali da yaran shago baki ɗaya. Mu ma nan Manchesta alhamdu lillahi, sai dai ruwan sama da bai san rani ba bai san damina ba.

Saƙonku ya iso, na kuma fahimci abin da ake so: zarton nan na lantarki mai bin layi, da layinsa guda biyu, wato dogayen fallayen da yake hawa ya yanka allo a miƙe, da tarkacen da ke tafiya tare da su. A ƙarshe kuka ce kada in manta da doguwar jakar da ake zuba su, irin wadda kuka gani a bidiyo. Zarto da layi za su zo in sha Allahu. Jakar ce nake roƙon ku ba ni dama in yi muku 'yar gardama a kanta, cikin ladabi. Ra'ayina a bari a ɗinka ta a Kano. Kada ku ɗauka tsumulmula ce ta kama ni a Turai. Na riƙe jakunkunan nan, na ɗauke su a kafaɗa, na ga inda suke mutuwa, kuma na tabbata masu ɗinkin jaka na Ƙofar Wambai za su yi mana wadda ta fi dacewa da mu, muddin an gaya musu abin da ake tsoro.

Abin da ake tsoron shi ne lanƙwasa. Layin falle ne na alminiyam, faɗinsa ya ɗan haura santimita 18, ba shi da wani nauyi, yaro ma zai ɗaga shi da hannu ɗaya. A samansa akwai tudun da gindin zarto ke hawa ya bi. A ƙasansa akwai robobi masu kama fuskar allo don kada ya zame. A gefe ɗaya kuma an manna wata siririyar roba da gam, wadda zarton da kansa yake aske mata baki a yankan farko. Daga ranar, bakin robar nan shi ne layin yanka: inda ka aza shi a kan alamar fensir, nan haƙorin zarto zai bi, ba ƙari ba ragi. Ita ce kuma take danne fatar allo don kada ta tsattsage, wato ciwon kan da muke sha a shago duk ranar da aka kawo farin allon kicin, mu yi ta manna tef muna addu'a. Kamfanin Festool na Jamus, da ke garin Wendlingen kusa da Stuttgart, shi ya fito da wannan dabara tun shekarun 1960, yanzu kuwa kusan kowane kamfanin kayan aiki yana da nasa.

To duk kuɗin da mutum ya zuba, miƙewar fallen nan ya saya. Ranar da ya ɗan karkace, ko da ido bai gani ba, ya zama mudun da aka buga wa gindi: duk abin da aka auna da shi daga baya ya tauye, mai awon ma bai sani ba. Sai an zo haɗa ƙofofin kabad biyu a ga tsakiya ta buɗe baki, a fara zargin yaro. Kuma ba ya gyaruwa. Na san halinmu, wani zai ce a kai wa mai walda ya buga shi ya miƙe. Alminiyam ɗin da aka buga da guduma ba ya komawa yadda injin ya fitar da shi. Bayan lanƙwasa, wurare biyu ne suka fi saurin lalacewa: kusurwoyin bakinsa, idan ya faɗi a tsaye a kan siminti, da robar gefen nan, idan wani ƙarfe ya gurje ta. Kusurwa in ta murɗe, layi biyu ba za su ƙara haɗuwa su zauna daidai ba sai an goge da fayil. Roba in ta yage, ana sayen sabuwa a nan cikin sauƙi, amma a Kano sai an jira mai zuwa daga waje.

Akwai hanyar gwada shi da nake so a koya wa yara tun ranar da ya iso. A aza layin a kan allo, a ja fensir a jikin gefensa na ƙarfe tun daga farko har ƙarshe. A juya shi, kai ya koma gindi, a kawo wannan gefen dai ta ɗaya ɓangaren zanen, a sake ja. In zane biyu sun hau kan juna, lafiya lau. In sun rabu a tsakiya, an samu matsala.

Abu na farko da yake kama mutane a nan wajen sayen jaka shi ne tsawo, domin kamfanonin ba su yarda sun daidaita kansu ba. Na Festool da aka fi amfani da shi milimita 1400 ne. Makita na Japan sun daɗe suna sayar da 1400, yanzu wanda ya cika shaguna 1500 ne. DeWalt ma 1500. Bosch da Mafell, dukansu na Jamus, nasu 1600 ne, ya kuma fi sauran siriri. Kowa kuma jakarsa daidai layinsa ya yanka ta. Sai mutum ya ga jaka mai kyau an rage mata kuɗi, ya saya da murna, ya je gida ya tarar da santimita goma na layinsa a waje, zif ya ƙi rufuwa. In kuma jakar ta fi layin tsawo da yawa, sai ya riƙa zarya a ciki yana dukan bakin jakar har ya huda ta. Dalilin waɗannan tsawon duka ɗaya ne da namu: allon nan Ingila ma ƙafa takwas da ƙafa huɗu ne, wato milimita 2440 da 1220. Layi ɗaya yana yanka shi a kwance har da ɗan rara na shiga da fitar zarto. A tsaye kuwa sai an haɗa biyu, ko a sayi dogo na mita 2.7 ko mita 3. Dogon ya fi daɗin aiki, babu haɗi babu dube-dube, amma ban ga yadda zai iso Kano lafiya ba, balle ya shiga Adaidaita Sahu. Saboda haka na tsayar da shawara a kan Makita SP6000 da layi biyu na 1500. In an haɗa su sun ba da mita uku, sun ishe mu. Zarton Festool ma yana hawa wannan layin, ko nan gaba Allah ya hore.

Yanzu ga abin da ke cikin jakar kamfani in ka buɗe ta. Baƙin yadi ne mai kauri irin na jakar makaranta, an sa masa ɗan soso a ciki, sai wani yadin a tsakiya da ke raba layi biyu don kada su goge juna. Akwai hannu, akwai igiyar ratayawa, akwai aljihu a waje na zuba kilam (ƙarfen da ke damƙe layi da allo) da ƙarafan haɗa layi biyu. Shi ke nan. A shagunan da nake shiga, wannan abu yakan ci kusan rabin kuɗin layin kansa. Ɗinkin yana da tsafta, ba na musu. Ba za ka ga zare yana reto ba, kuma in ka sayi goma duk awonsu ɗaya. Amma ka kama ta da hannu biyu ka lanƙwasa, za ta bi ka har ta naɗe. Ƙarzuwa take karewa, da ruwa, da ɗan bugu a jikin ƙofa. In aka ɗora mata buhun siminti, ko wani ya taka ta, ko ta zauna kai a kan akwati gindi a ƙasa tsakiya babu abin da ya tallafe ta aka jibga mata kaya, to babu abin da za ta iya. Masu yin ta ma ba su ce za ta iya ba. Sun yi ta ne don mutumin da yake da motarsa shi kaɗai, ya fito da ita daga mota ya shiga gida.

Haka aikin yake a nan. Mai ɗaura kicin yana da motar kaya rufaffiya, an yi mata kantoci a ciki, kowane inji da akwatinsa. Da yawa ma ba sa amfani da jaka, sai su kafa wasu 'yan maƙalai na roba a rufin motar ta ciki ko a jikin ƙofa, su maƙale layin a can sama inda babu abin da zai taɓa shi. Inda jaka take amfani shi ne tsakanin mota da ɗakin aiki. Gidajen Manchesta na da, waɗanda aka jera su gini ɗaya bango na haɗe da bango, ƙofarsu ƙarama ce, da ka shiga sai matsattsen lungu, sai matakala a tsaye mai kwana a sama. Ka ɗauko ƙarfe mai tsawon mita ɗaya da rabi tsirara, ka juya a wannan kwanar, ai sai kusurwarsa ta ja zane a bangon da aka gama fenti jiya, matar gida kuma tana tsaye a ƙasa da kofin shayi tana kallonka. Ba za ta ce komai ba a lokacin. Da yamma ne ogan aiki zai kira ka. Don haka a nan rabin aikin jakar kare gidan mutane ne daga layin.

Wani abu kuma da ba a nunawa a bidiyo: sata. Fasa motocin masu aikin hannu ya zama ruwan dare a ƙasar nan, har za ka ga an rubuta a bayan mota cewa ba a barin kayan aiki a ciki da dare. Jaka mai ɗauke da sunan babban kamfani da manyan haruffa shela ce ga ɓarawo, domin ya san inda layi yake, zarto mai tsada yana kusa. Wani dattijo da muke aiki tare, Bature ne, a tsohuwar jakar sandunan kamun kifi yake zuba nasa, ya ce babu mai fasa gilashi saboda ƙugiya. Wasu kuma jakar katakon zamiya a ƙanƙara suke saye a hannun masu gwanjo.

Aljihun waje shi ne inda na fi ganin bambanci tsakanin jaka da jaka, kuma nan ne nake so mai ɗinkinmu ya natsu. Tarkacen ba su da yawa amma duk ƙarfe ne: kilam biyu masu shiga ramin ƙasan layi su damƙe shi da allo, sandunan haɗi biyu masu ƙananan sukurori, alanki ko sukundireba na ɗaure su, wani lokaci da sukwaya da ake maƙalawa a bakin layi don yanka ya fita a miƙe. A yawancin jakunkunan da na gani, aljihu ɗaya ne babba, komai a zube. Kana tafiya suna kacau-kacau, su taru a gefe ɗaya, jakar ta rinjaya, gindinta ya riƙa jan ƙasa. Mafi muni, tsakanin kilam da layin yadi ɗaya ne kawai, in aka jingina jakar da bango ta gefen aljihu, kan kilam ɗin yana danna alminiyam. Su kuwa ƙananan sukurorin nan, girgizar mota tana kwance su, su faɗa cikin ɗinki, ka je wurin aiki da sandar haɗi ba abin ɗaure ta. Tun da na ambace su: a gaya wa yara kada su ɗaure su da ƙarfin tuwo. Sukurin ƙarfe ne, layin alminiyam, in aka matsa sai ya bar rami.

Inda Turawan nan suka yi mana nisa ba a jakar ba ne, a abin da ke kewaye da saye ne. Ina zaune a wurin aiki zan duba waya, in ga ko reshen shagunan kayan aiki na Screwfix ko Toolstation na kusa yana da abin da nake nema da guda nawa suka rage, in biya, kafin in isa an ajiye mini a kan kanta. Tun bakwai na safe sun buɗe. An rubuta tsawo da faɗin kowane abu, kuma abin da aka rubuta shi za ka tarar. In ka saya ta intanet aka kawo maka gida, doka ta ba ka kwana 14 ka fasa ko da lafiyarsa ƙalau, don kawai ranka bai kwanta ba. In kuma ya zo da aibu, kana da kwana 30 ka mayar a ba ka kuɗinka. Babu rantsuwa, babu kiran shugaban kasuwa, babu "ai haka ka gan shi ka saya". Makita suna ba da garantin shekara uku in ka yi wa inji rajista cikin kwana 30. Festool ma haka, har da alkawarin cewa za a samu kayan gyaransa na shekara goma. Wannan duka yana cikin kuɗin da ake biya. Amma fa duk a nan yake aiki. Ranar da kaya suka sauka a Legas, babu wanda ya isa ya ci moriyar garantin sai wanda zai iya mayar da inji Ingila, kuɗin mayarwar kuwa ya kusa sayen wani. To a kan zarto dole mu biya kuɗin hidimar da ba za mu mora ba, tun da ba a ƙera shi a gida. A kan yadi da soso da zif kuwa, ina dalili?

Inda mu kuma muka yi musu nisa shi ne gyara. Jakar da nake amfani da ita, ba ta babban kamfani ba ce, zif ɗinta ya buɗe ta baya a daidai kwana, inda kusurwar layi take tokarinsa. Na kai wa masu gyaran tufafi a unguwarmu. Matar ta juya ta, ta ce allurar kekenta ba za ta huda ba. Wani mai gyaran takalmi ya ce zai iya, ya faɗi kuɗi, na lissafa na ga saura kaɗan ya kai na sabuwa, kuma sai bayan mako biyu. Abokan aikina dariya suka yi, suka ce a jefar kawai. Yanzu da igiyar roba nake ɗaure ta. Na tuna yadda a gida za ka miƙa wa mai gyara jaka a bakin kasuwa, ya matse kan zif da filaya, ya goga kyandir, kafin ka gama amsa waya ya miƙo maka. A nan lokacin mutum ya fi kaya tsada, shi ya sa komai ake yi don a yar. Jakar da ba ta gyaruwa ba tamu ba ce.

Sai batun hanya. Yawancin kamfanonin jiragen sama kilo 23 suke yarda a kowace jaka, kuma in aka haɗa tsawo da faɗi da kauri kada su wuce santimita 158. Layin kansa 150 ne, da ka ƙara faɗinsa ya zarce. Ke nan ko da wani mai zuwa gida ya yarda ya riƙo, sai an biya kuɗin kaya masu wuce ƙa'ida, ga shi jirgin Kano daga nan sai ya ya da zango a wata ƙasa, a sauke a sake lodawa. Ta masu kago zan turo. Kuma ba a cikin jaka mai laushi ba: a kwalinsu na kamfani zan bar su, in sa filawud sama da ƙasa in ɗaure tam. Ku ce wa wanda zai karɓa kada ya sa hannu sai ya buɗe ya duba kusurwoyi huɗu na kowane layi.

Wani tarko da na kauce masa, gara ku sani don masu aiko wasu su sayo musu: injinan aiki a Ingila kala biyu ne. Akwai masu cin wuta mai ƙarfin bolt 110, masu filogi rawaya mai zagaye, waɗanda ake amfani da su a manyan wuraren gini tare da taransifoma don rage haɗarin wuta. Akwai kuma na 240 masu filogi mai ƙafa uku irin namu. Na gwanjo da yawa da ake samu da araha na 110 ne, in aka soka su a wutar gida kai tsaye sun ƙone. Naku na 240 ne, yana cin wat 1300, ƙaramin janareton shago zai ja shi in ba a haɗa shi da wani babban inji ba. Faifan zarton milimita 165 ne, raminsa 20, ba lallai a same shi a Sabon Gari yadda ake samun na zarton da muka saba ba, don haka zan haɗo da wasu, da naɗin robar gefe na ajiya.

To ga abin da za a kai wa mai ɗinki. A jira layin ya iso tukuna, a tafi masa da shi ya gani, amma kada a bar shi a can. Cikin jakar ya zama santimita 155 a tsawo, 22 a faɗi. Yadi mai ƙarfi irin na tanti ko tamfol mai kyau, soso mai kaurin yatsa a kowane gefe, da shamaki mai soso a tsakiya. Abin da na kamfani ba su da shi, mu kuma dole mu yi: a jikin kowane gefe a ɗinka dogon kube wanda za mu zura siririn filawud a ciki, tun daga kai har gindi. Wannan shi ne ƙashin bayan jakar. Zai ƙara mata nauyi, na sani, amma kayanmu a bayan akori-kura suke tafiya tare da wadirob da yara biyu a zaune a kai, wani lokaci a saman Adaidaita an ɗaure da igiya. In filawud ɗin ya karye mu zare mu yanka wani, ai mu ne masu katako. Bakuna biyu na jakar a ninka musu fata ta waje, ta ciki kuma a sa robar da ake yin tafin takalmi da ita, don ko an dangwarar da ita a tsaye robar ce za ta sha dukan.

Zif ya zama babba irin na jakar tafiya, in an samu YKK na gaske ya fi. Ya bi dogon gefe gaba ɗaya don jakar ta buɗe a kwance a ɗago layi da hannu biyu. Waɗanda ake zurawa ta baki kamar takobi, kullum robar gefe tana gogar yadi, a hankali take ɓallewa. Kada zif ɗin ya sha kwana a kusurwa, ya tsaya kafin ya kai, kuma a sa leɓe na yadi a ƙarƙashinsa. Kada a sa Velcro ko'ina, wato maƙalin yadin nan mai ƙaya-ƙaya da ake mannawa a ɓalle. Garin katako yana cika shi cikin 'yan makonni ya daina kamawa. Maɓalli da bel sun fi. Igiyar ratayawa kuwa, a je Ƙofar Ruwa a samo bel ɗin kujerar mota na tsofaffin motoci, a ɗinka shi ya zagaye jakar gaba ɗaya ta ƙasa, ba a liƙa shi a baki kawai ba. Kuma kada ya kafa hannu sai an zuba komai a ciki an ɗaga da yatsa an ga inda nauyi ya daidaita. Aljihu a raba shi gida-gida, kowane kilam da ɗakinsa, sandunan haɗi da nasu, sai wata 'yar ƙaramar jaka mai zif ta sukurori da alanki. Tun da filawud yana tsakani, ƙarfe ba zai kai ga layin ba.

Launi ma ba ado ba ne a wurinmu. Kada a yi baƙa. Gam ɗin da ke riƙe robar gefe ba ya son zafi. Ko a nan, in aka bar layi a rufaffiyar mota a 'yan kwanakin da suke kira zafi, bakin robar yakan fara ɗagowa. Ina ga ranar Kano ta watan Afrilu, da take haura digiri 40, a cikin baƙar jaka a saman mota? A nemi ruwan ƙasa mai haske ko ruwan toka. Dalili na biyu, ku yi mini afuwa in faɗa: doguwar baƙar jaka mai tsawon mita ɗaya da rabi a kafaɗar saurayi, a kan hanyar Kaduna ko Katsina a wannan zamani, za ta sa a sauke shi a kowane shinge. A rubuta sunan shago da lambar waya da manyan haruffa a jikinta, a zana zarto ma in ana so.

In an dawo daga aiki, a fito da layin a goge robobin ƙasa da ɗanyen tsumma, musamman lokacin hunturu, domin ƙura in ta hau su sai ya fara zamewa a kan allo ana tsakiyar yanka. A shago kuma kada a jingina shi da bango a karkace wata da watanni. A kafa katako biyu a bango can sama, inda ba a jingina falanki, a kwantar da jakar a kai. Wannan aikin a ɗora wa yaro ɗaya tak, wanda za a tambaya in an ga tabo.

In mai ɗinkin ya yanka yadi kafin ya haɗa, a ɗauki hoto a turo mini ta WhatsApp in duba wurin zif da kuben filawud. A kuma tambaye shi kuɗin guda biyu, domin ni ma ina so, tawa sai dai a rage mata tsawo zuwa 145, layina na 1400 ne. Ba sai an sa filawud a tawa ba, zan yanka a nan, ta yadda za a iya naɗe ta a cusa a akwatin duk wanda zai taho. Lambar kago zan turo da zarar sun karɓi kayan. A gaida Hajiya da yara, a gaida mutanen 'Yan Katako na Na'ibawa. Allah ya ƙara girma, ya bar zumunci.